Dashen ɓargo: me ya sa adadin maganin yarona ya ninka na sa'arsa sau biyar?

Maman_Khalifa
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah tambaya gare ni ga likitoci da masu ilimin magani da ke cikinmu, da iyayen da suka riga mu shiga wannan jinya. Yarona mai sikila an yi masa dashen ɓargo a Indiya, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya ce ta ba shi. Alhamdu lillahi ɓargon ya kama, mun dawo gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganin nan takrolimus, mai danne garkuwar jiki. Shi miligiram 2.5 yake sha da safe, 2.5 da dare. Amma akwai yarinyar da muka yi haya gida ɗaya da iyayenta a can, sa'arsa ce, nauyinsu ma kusan ɗaya, ita rabin miligiram take sha safe da dare. Kuma tun muna can ake ta juya mana adadin, yau a ƙara, jibi a rage. Shin nasa ciwon ne ya fi tsanani aka ɓoye mini, ko kuwa maganin ne ya yi masa yawa? Kakarsa ta ce in rage da kaina tunda hannunsa na ɗan karkarwa in ya ɗauki kofi. Ban rage ba, amma hankalina bai kwanta ba.

Abu_Sadiq
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya. Hajiya, ki ba Kaka haƙuri, amma kada ki taɓa adadin nan sai da bakin likitansa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ɗana ma haka aka yi ta yi masa, sai da muka shiga wata na uku adadin ya tsaya wuri guda.

DanBorno77
Ni fa ban yarda da asibitocin waje ɗin nan ba. In sun ga ɗan Najeriya sai su rubuta magani da yawa don a saya a kantinsu. Yara biyu, ciwo ɗaya, nauyi ɗaya, a ce ɗaya ninki biyar? Da sake.

Famasis_Bello
@DanBorno77 a wannan karon zargin bai hau ba. Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Hajiya Maman Khalifa, a takrolimus ba lambar da ke jikin kafso likita yake bi ba, abin da ya isa cikin jini yake bi. Shi ya sa ake ɗibar jini a auna lebul ɗin maganin. Yawancin cibiyoyin dashen ɓargo suna neman ya zauna tsakanin nanogiram 5 zuwa 15 a kowace mililita ta jini, kowace cibiya kuma tana da tata 'yar tazara a cikin wannan, gwargwadon irin dashen da kuma watannin da aka yi. In ya faɗi ƙasa, sabon ɓargon zai iya juyowa ya yaƙi jikin yaron, ko kuma tsohuwar garkuwar jikinsa ta kori ɓargon. In ya haura sama, ƙoda ce ta farko da za ta ji a jika, sai hawan jini, sai jijiyoyi. Tsakanin "bai isa ba" da "ya yi yawa" tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba kamar farasitamol ba.

To me ya sa yaro ɗaya ke buƙatar 2.5 don ya kai wannan lebul, wani kuma 0.5? Maganin da aka haɗiya ba dukkansa ke shiga jini ba, a ƙiyasi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai, sauran hanji da hanta sun riga sun lalata shi. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne guda biyu, CYP3A4 da CYP3A5. Na biyun gado ne: wani an haife shi da mai aiki, wani nasa a mace yake. Turawa, kusan takwas zuwa tara cikin goma nasu ba ya aiki. Mu 'yan Afirka fiye da rabinmu namu yana aiki, wato jikinmu na saurin cinye maganin. Ƙa'idar da kwamitin masana na CPIC ya fitar a 2015 ta ce mai irin wannan gado a fara masa da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na adadin da aka saba. Ga kuma shekaru, yara sun fi manya saurin fitar da shi in aka auna da nauyi. Ga sauran magungunan da mutum ke sha. Ga abinci. Ga lafiyar hanta. Saboda haka yawan kafso ba alamar tsananin ciwo ba ne ko kaɗan.

Likita_Rabi
Malam Bello ya gama magana a kan adadi. Ni karkarwar hannun ce ta ja hankalina. Maman Khalifa, ki sanar da likitansa yau, ba sai ranar asibiti ba. Takrolimus na kawo karkarwa ko da lebul ɗinsa daidai ne, amma tana iya zama alamar ya hau, ko kuma sinadarin maganiziyom ya yi ƙasa, don maganin na sa ƙoda ta riƙa zubar da shi a fitsari. A auna lebul, a duba aikin ƙoda, maganiziyom da fotasiyom, a gwada hawan jini. Masu sikila da aka yi wa dashe sun fi sauran majinyata haɗarin wata matsalar ƙwaƙwalwa da ake kira PRES, wadda hawan jini da irin wannan magani ke tayarwa. In kin ga ciwon kai mai tsanani, ko ya ce yana gani dishi-dishi, ko ya rikice, ko jijjiga, to asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Maman_Khalifa
Na gode Likita, na gode Malam Bello. Babu ciwon kai, yana wasansa. Na tura wa likitan saƙo yanzu, gobe da safe za mu je a ɗebi jini.

Nas_Talatu
Anti, tunda gobe za ku je: kada ki ba shi na safe kafin a ɗebi jinin. Ki tafi da kafson a jaka, ana cire allura ki ba shi. Gwajin yana neman lokacin da maganin ya fi ƙaranci a jiki ne, wato awa 12 bayan na dare. In kin ba shi ƙarfe 8 na dare, a ɗiba wajen 8 na safe. Na yi aiki a sashen dashe a Saudiyya, kuma babu abin da ya fi rikita mana sakamako kamar uwa ta ba yaro magani a mota, a ɗebi jini bayan awa ɗaya, lamba ta fito sama, likita ya tsorata ya rage, alhali ba gaskiyar lebul ɗin ba ce.

Wani abin kuma ga waɗanda har yanzu ke da robar nan ta ƙirji da ake ƙarin ruwa ta cikinta: in an taɓa ba da takrolimus ko ɗan uwansa saikulosporin ta wani bakin robar, maganin na manne wa jikinta. Aka ɗebi jini ta wannan bakin, ko bayan kwanaki ne, lamba za ta fito kamar an sha guba. Ta ɗaya bakin ake ɗiba, ko a jijiyar hannu.

Ummu_Hanan
Ikon Allah! Maman Khalifa, ai 'yata kike nufi, ni ce maƙwabciyarki ta hawa na biyu. Ban san kina wannan zaure ba. Abin da ba ki sani ba, Hanan ta kamu da ciwon fangas a huhu bayan dashen, aka ɗora ta a kan borikonazol. Ranar da aka fara shi likita ya zaftare takrolimus ɗin. Yanzu da aka tsayar da borikonazol ɗin, lebul ya faɗi, an mayar da ita miligiram 1.5 safe da dare. Ke nan rabin miligiram ɗin da kika sani ya zama tsohon labari.

Maman_Khalifa
Allahu akbar, Ummu Hanan! Ki gaishe mini da ita. Kin ga ni ina nan ina ta lissafi da tsohon adadi.

Famasis_Bello
Ga amsar ta zo da ƙafarta. Borikonazol na toshe sinadaran nan da na ambata, sai takrolimus ya taru. Takardar maganin da kanta ta ce a rage takrolimus zuwa kashi ɗaya cikin uku in za a haɗa su. Fosakonazol ma haka. Fulukonazol na yi amma bai kai su ba. Kuma ku lura da abin da Ummu Hanan ta faɗa: ranar da aka daina maganin fangas ɗin ita ma ranar haɗari ce, don in ba a ƙara takrolimus ba, yaro zai zauna kusan babu kariya.

Mu a nan gida ga waɗanda nake tsoro, don a kemis ake miƙa su babu tambaya. Eritiromaisin da kilaritiromaisin na tari da maƙogwaro suna ɗaga lebul. Rifamfisin na tarin fuka yana rusa shi ƙasa warwas, har sai an ninka adadin sau da yawa. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin, fenitoyin da fenobabiton su ma suna saukar da shi. Daikulofenak da ibufurofen ba lebul suke taɓawa ba, ƙoda suke haɗuwa da takrolimus su daka, kuma masu sikila sun saba da su tun suna ƙanana, hannu na kai wa gare su ba tare da tunani ba. A 'ya'yan itace, garehul (grapefruit) haramun ne ga mai shan wannan magani, shi da lemon kwalin da aka haɗa da shi.

Hajiya_Sabuwar_Ƙoda
Ni dashen ƙoda aka yi mini, amma maganinmu ɗaya. Abin da na gani a jikina: duk lokacin da na yi gudawa lebul ɗina hawa yake, ba sauka ba. Da farko na ɗauka maganin zai bi gudawar ya fita. Likitana ya ce bangon hanjin da ke lalata wani kaso na maganin shi ne ya raunana, sai ya shige jini da yawa, ga kuma rashin ruwa a jiki. Don haka iyaye, gudawa ba abin a jira ba ce. Kuma ku shirya, wannan magani har abada ne.

Likita_Rabi
Hajiya, maganarki ta gudawa daidai ce, kuma a dashen ɓargo ta fi nauyi, don gudawar kanta na iya zama alamar sabon ɓargon ya fara taɓa hanji. Amma "har abada" ɗin naku ne na masu ƙoda. A wajenku garkuwar jikin taku ce, ƙodar ce baƙuwa, don haka dole a yi ta danne garkuwar. A dashen ɓargo garkuwar ce kanta aka sauya, kuma a hankali takan saba da sabon jikin. Shi ya sa ake janye maganin sannu a hankali har a daina. Masu kansar jini galibi wajen wata shida in babu matsala, masu sikila kuwa sau da yawa a kan ja shi ya fi haka, wasu har shekara ko fiye.

Hajiya_Sabuwar_Ƙoda
To madalla, Allah ya sa su rabu da shi lafiya. Mu kam mun riga mun ƙulla aure da shi.

Issoufou_Damagaram
Salamu alaikum daga Nijar. Ƙanena kansar jini ce, a Tunis aka yi masa dashe, shi saikulosporin aka ba shi. Lambobinsa ɗari biyu da wani abu ne, na ga ku kuna maganar 5 zuwa 15, sai na rikice. Kuma shi da gwaji ya nuna ƙwayoyin mai bayarwa sun fara raguwa a jininsa, sai likitoci suka yi sauri suka rage maganin, ba su ƙara ba. Har yau ban gane hikimar ba.

Likita_Rabi
Malam Issoufou, magani biyu ne masu aiki iri ɗaya amma ma'auninsu daban. Saikulosporin da ɗaruruwa ake lissafa shi, takrolimus ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa lambarsa ƙarama. Kada a gwama su.

Tambayarka ta biyu ita ce zuciyar zancen nan gaba ɗaya. A kansar jini, sabuwar garkuwar ba baƙuwar da ake tsoro ba ce kawai, ma'aikaciya ce: ita ke farautar ragowar ƙwayoyin kansa. In aka danne ta da yawa, kansar na samun hanyar dawowa. Saboda haka da likita ya hango alamar dawowa, sai ya sassauta mata, ko da hakan zai jawo ɗan GVHD, wato yaƙin da sabon ɓargo ke yi da jiki. A sikila kuwa babu kansar da za a farauta. Duk wani GVHD asara ce tsantsa, an musanya wa yaro ciwo da wani ciwon. Ga shi kuma masu sikila, musamman waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsu ya fi saurin korar ɓargo. Ka ga ke nan lamba ɗaya a takardar gwaji tana iya sa a ƙara wa wannan, a rage wa wancan.

Misali, tsarin da cibiyar binciken lafiya ta NIH a Amurka ta wallafa a 2009 na manya masu sikila, da sirolimus aka yi shi, ba takrolimus ba, kuma ba a fara janye shi sai an shekara, sannan gwaji ya nuna fiye da rabin ƙwayoyin garkuwa nau'in T na mai bayarwa ne. Ba kalanda kaɗai ake kallo ba, jinin mutum ake tambaya.

DanBorno77
To na ji. Amma tunda maganin na cin ƙoda, me zai hana a ba kowa kaɗan kawai a huta? In matsala ta taso sai a ƙara.

Abu_Sadiq
Malam, da ka taɓa ganin mai GVHD na hanji da ba ka faɗi haka ba. Mun kwana ɗaki kusa da wani saurayi, gudawa kamar an buɗe famfo, wata da watanni. Ba abu ne da ake bari ya taso sannan a bi shi ba.

Nas_Talatu
Gaskiya ne. Kuma in ya taso ba ƙara takrolimus kawai ake yi ba, sitiroyid mai yawa ake ɗorawa, shi kuma ya buɗe ƙofa ga cututtuka. Wani abin da nake so iyayenmu su sani: hotunan ƙurajen GVHD da ke cikin littattafai galibi na farar fata ne, ja jawur. A fatarmu ba ya fitowa haka, sai dai wuri ya ɗan yi duhu ko ya yi kaushi, yaro ya ce yana ƙaiƙayi ko zafi. Ku riƙa duba tafin hannu, tafin ƙafa, bayan kunne da wuya da rana a waje, ba da hasken ƙwan ɗaki ba. Ku duba farin ido ma saboda shawara.

Baban_Yan_Biyu
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Mu an gwada 'yan ɗakinsu yarinyar babu wanda ya dace. Tana da 'yan uba da yawa. Su ba za su yi ba?

Likita_Rabi
Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damar ya dace cif kashi 25 ce cikin 100. Ɗan uba da wuya ƙwarai ya dace cif, amma yana iya dacewa rabi, kuma kai mahaifinta da mahaifiyarta dole kun dace rabi. Dashen rabi da can abin tsoro ne. Abin da ya sauya shi shi ne dabarar da likitocin Johns Hopkins a Baltimore suka fito da ita: a ba da saikulofosfamaid, miligiram 50 ga kowane kilo, a rana ta 3 da ta 4 bayan dashen. Yana kashe ƙwayoyin garkuwar da suka zabura za su kai hari, ya bar ƙwayoyin asali masu haifar da sabon jini. Sai a rana ta 5 a fara takrolimus ko sirolimus tare da maikofenolet. Tsohon tsarin shi ne metotireksat a rana ta 1, 3, 6 da 11 tare da takrolimus ko saikulosporin. A 2023 wani babban gwaji a Amurka kan manya masu kansar jini ya gwama su: bayan shekara, kusan kashi 53 cikin 100 na masu sabon tsarin suna raye babu dawowar ciwo babu GVHD mai tsanani, a tsohon kuma kusan 35. Amma ka zauna da likitan jini, don a sikila ana auna abubuwa da yawa kafin a ce a yi dashen rabi. Mai AS yana iya bayarwa, mai SS ne ba zai iya ba.

Ɗalibar_Famasi
Abin mamaki, magungunan nan uku daga ƙasa aka tono su. Saikulosporin daga wani fangas da aka samu a ƙasar Norway, kamfanin Sandoz na Suwizalan ya sarrafa shi. Takrolimus daga ƙwayar bakteriya a ƙasar yankin Tsukuba a Japan, 1984. Sirolimus daga tsibirin Rapa Nui. Malam Bello, tambayata: tunda an san yawancinmu muna da CYP3A5 mai aiki, me ya sa ba a gwada kowa kafin dashe?

Famasis_Bello
Ni ra'ayina a gwada. Adadin farawa da ke cikin littattafai galibi a jikin Turawa da mutanen Asiya aka auna shi. Yaronmu in aka sauya shi daga na jijiya zuwa na baki da lissafin da aka saba, wato ninki uku zuwa huɗu, sai ya yi kwanaki a ƙasa da lebul ana ta lalube, kuma a makonnin farko ne aka fi buƙatar kariyar. Amma a kula: bayan dashe jinin yaro ya zama na mai bayarwa, hanta da hanji kuwa nasa ne. Aka ɗebi jini bayan dashe, gadon yayarsa za a karanto, ba nasa ba. Kafin dashe ake ɗiba.

Likita_Rabi
A nan ni da Malam Bello mun ɗan rabu. Gwajin da aka yi a Faransa kan masu dashen ƙoda, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna waɗanda aka tsara wa adadi bisa gwajin gado sun fi saurin kai wa lebul, amma bai nuna ƙodarsu ta fi daɗewa ko an rage kora ba. A dashen ɓargo kuma kusan kowa na kan maganin fangas, wanda ke dagula lissafin gadon. Kuɗin da iyali za su kashe a gwajin gado, ni na fi so su ajiye shi su yi gwajin lebul a kai a kai bayan sun dawo gida. A nan muke rasa yara, ba a makon farko ba.

Famasis_Bello
Likita, ranki ya daɗe, waɗanda aka yi wa wancan gwajin yawancinsu Turawa ne, masu gadon kaɗan ne a ciki. Ba a yi mana adalci ba in aka yanke hukunci da shi. Amma maganar bayan dawowa gida, wannan na sa hannu.

Sani_Lab
Tunda an zo wajenmu. Abu uku. Jinin a kwalba mai murfi shunayya ake zuba shi, irin ta ƙirgen jini, kuma ba a tace shi, don maganin a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zaune. Wannan ma na nufin in jinin yaro ya yi ƙasa sosai, lamba na iya fitowa ƙasa alhali abin da ke aiki a jiki bai ragu ba, bayan ƙarin jini kuma ta ɗaga. Likita mai lura yana kallon PCV, wato ma'aunin yawan jini, tare da lebul. Na biyu, injina iri biyu ne, kuma sakamakonsu ba ya zuwa ɗaya cif, ɗaya yakan ɗan ɗara. Ku tsaya a lab ɗaya, in kun sauya ku faɗa wa likita. Na uku, ku rubuta ƙarfe nawa aka sha na ƙarshe, ƙarfe nawa aka ɗiba. Lamba babu lokaci ba ta da amfani. Mai neman inda ake yi, ya tambayi sashen ƙoda na babban asibiti inda majinyatansu ke kai jini. Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002 yake dashen ƙoda, masu shan maganin nan ba baƙi ba ne a Kano.

Ummu_Hanan
Ni matsalata kamfani. Wanda muka zo da shi ya kusa ƙarewa, wanda na samu a nan kwalinsa daban.

Famasis_Bello
Ki ɗauki hoton kwalin gaba da baya ki tura wa likita kafin ki buɗe. A takrolimus, Prograf da ire-irensa sau biyu ake sha a rana. Advagraf da Envarsus sau ɗaya ne, a hankali suke sakin maganin, ba a musanya su kai tsaye. A saikulosporin ma Neoral da Sandimmune ba ɗaya ba ne. Ko nau'i ɗaya ne aka sauya kamfani, a sake auna lebul bayan 'yan kwanaki. Ki duba lambar NAFDAC, ki kuma karanta ƙarfin da kyau, akwai 0.5, akwai 1, akwai 5, sifili da ɗigo ne kawai tsakanin na farko da na ƙarshe. Kada a bar shi a mota ko kan taga da zafin nan namu.

Issoufou_Damagaram
Azumi fa? Ƙanena ya dage sai ya yi bana.

Malam_Habu
Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar, dagewa ba ƙarin taƙawa ba ce. Ka gaya masa haka da lallashi.

Likita_Rabi
Na gode Malam. Ta fuskarmu matsala biyu ce: wuni babu ruwa ga ƙodar da magani ke matsa wa, da kuma tazarar awa 12 da ke rushewa, don tsakanin buɗa-baki da sahur bai kai haka ba, tsakanin sahur da magariba kuma ya wuce. Wanda ke shekarar farko ni ba na ba shi izini. Bayan an daina maganin sai a zauna a duba.

Maman_Khalifa
'Yan uwa, sakamako ya fito. Lebul 8 da ɗigo, likita ya ce yana inda yake so, kada a taɓa adadin. Maganiziyom ne ya yi ƙasa, an ƙara masa, hawan jini kuma za mu riƙa aunawa a gida safe da yamma. Ya kuma tambaye ni ko da abinci nake ba shi. Na ce wata rana da shayi da ƙosai, wata rana kafin ya karya. Ya ce in zaɓi ɗaya in tsaya a kai, don abinci mai maiƙo na rage shigarsa jini. Kaka dai ta ce har yanzu ita a ganinta ƙwayoyin sun yi wa yaro yawa.

DanBorno77
Alhamdu lillahi. Amma ni abin da ke ci mini rai, tun 2011 aka yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin, asibitin koyarwa na LUTH a Legas ma ya fara a 2024, mu da muka fi kowace ƙasa yawan masu sikila, amma har yau uwa sai ta jira saƙon waya daga wata ƙasa kafin ta san kafso nawa za ta ba ɗanta.

Ɗalibar_Famasi
Akwai manhajojin kwamfuta yanzu da ake zuba wa nauyi, shekaru, PCV, gado, sauran magunguna da lebul biyu ko uku, su hasko adadin da ya dace. A Utrecht ta ƙasar Holan ma sun yi irin wannan da maganin ATG, wanda ake ba yara don danne garkuwa kafin dashe, suna lissafa shi da yawan ƙwayoyin limfosayit na yaron maimakon nauyi kaɗai, garkuwar jiki ta fi saurin farfaɗowa. Ina ganin da irin wannan likita a Kano ko Zariya zai iya riƙe yaro ba sai an jira waje ba.

Sani_Lab
Manhaja abin da aka ba ta take tafasawa. In jinin awa tara aka rubuta masa awa goma sha biyu, lissafin banza za ta fitar, da kyakkyawan zane kuma.

Famasis_Bello
Kuma a tambaya da jinin su wa aka gina ta. In babu 'yan Afirka a ciki mun koma gidan jiya, ga maganar CYP3A5 ɗin da Likita ke so in bari.

Likita_Rabi
Ban ce ka bari ba, Malam Bello, cewa na yi ba shi ne na farko a layi ba. Kawo mini lab da zai ba ni sakamako cikin awa 24 tukuna, sai mu yi wannan musun da shayi.

Baban_Yan_Biyu
To mu da muke Gombe, in jinin sai an tura wani gari, sakamako ya ɗauki kwana huɗu ko biyar, likita da wane lebul zai yi aiki, na ranar da aka ɗiba ko na yau? Kuma jinin ba ya lalacewa a hanya?

Sani_Lab
Jinin na jure kwanaki in yana cikin sanyi, a kula da ƙanƙara a gefe, ba a manne da kwalbar ba. Ɗaya tambayar ta Likita ce. Amma ka fara tambayar lab ɗin wace rana suke kunna injin, don wasu tara samfur suke yi su gwada sau ɗaya ko biyu a mako. Sai ka daidaita ranar ɗibar jinin da ranarsu.